Shaiɗanin Tasmaniya: ƙaramar dabbar da ke cinye wadda ta ninka ta uku, har da ƙashi

A tsibirin Tasmaniya da ke kudu da ƙasar Ostareliya akwai wata baƙar dabba da girmanta bai wuce na ƙaramin kare ba. Namijinta kan kai kilo 8, macen kuma kilo 6. Amma idan suka taru kan gawar dabba mai kilo 20 ko 25, cikin dare ɗaya ko biyu da wuya a tarar da wani abin kirki a wurin. Nama da fata da gashi da akasarin ƙashi duk sun shige ciki.

Turawan Ingila da suka fara zama a tsibirin daga shekarar 1803 ne suka raɗa mata suna shaiɗanin Tasmaniya, saboda ƙarajin da suke ji cikin duhu idan dabbobin na rikici kan abinci. Mutanen asalin tsibirin kuwa purinina suke kiranta. A yau ita ce mafi girma a cikin dabbobi masu jakar goyo da ke cin nama a duniya, kuma a wannan tsibiri kaɗai take rayuwa a sake, tsibirin da faɗinsa bai kai rabin jihar Damagaram ba.

Yadda wannan dabba ke cin abinci ya daɗe yana jan hankalin masana, domin shi ne ya ba ta damar rayuwa a kan dabbobin da suka fi ta girma, kuma ta nan ne wata cuta ta shigo ta hallaka mafi yawansu cikin shekara 25.

Haihuwa kamar ƙwayar shinkafa

Dabbobi masu jakar goyo, irin su kangaru, suna haihuwar ƴaƴansu tun ba su gama haɗuwa ba, sai su ƙarasa girma a cikin wata jakar fata da ke cikin uwar. Macen shaiɗanin Tasmaniya na ɗaukar ciki na kwana 21 kacal, ta haifi ƴaƴa 20 zuwa 30, kowanne kamar ƙwayar shinkafa. Sai dai kan nono huɗu ne kawai a cikin jakar. Waɗanda suka riga kamawa su ne za su rayu, sauran kuma shi ke nan.

Waɗanda suka tsira sukan yi kusan wata huɗu a cikin jaka, daga nan uwar ta ajiye su a rami. Sau da yawa ramin nan na wambat ne da aka bari, wato dabbar da za su girma su riƙa ci. A daji shaiɗanin Tasmaniya bai cika wuce shekara 5 ko 6 a duniya ba.

Wambat, kitse a bayan garkuwa

Wambat ita ma dabba ce mai jakar goyo, amma ciyawa da saiwoyi take ci. Gajeriya ce, kakkaura, mai gajerun ƙafafu da ƙaƙƙarfan farce, tana haƙa rami mai zurfi kamar yadda dabgi ke yi. Babba takan kai kilo 20 zuwa 35. Jakar goyonta ta baya take buɗewa, don haka ƙasa ba ta cika wa ɗanta fuska idan tana haƙa.

Abin da ke sa shaiɗani son wambat shi ne kitse. Shaiɗani na tara kitse a wutsiyarsa, har masu bincike kan duba kaurin wutsiyar su gane ko yana samun abinci. A ƙasa mai sanyi kamar Tasmaniya, wambat guda ɗaya abincin kwanaki ce.

Amma lafiyayyar wambat ba ta kamuwa da sauƙi. Duk da kamar ba ta da kuzari, tana iya sheƙawa da gudu na ɗan gajeren zango. Da ta ji motsi sai ta faɗa rami da kai, ta toshe ƙofar da ɗuwawunta. Wannan ɓangare na jikinta fata ce mai kauri a kan guringuntsi da ƙashi, wutsiyar kuma ɗan guntu ce da babu wurin kamawa. Mai farauta zai yi ta cizo ba tare da ya kai ga wani wuri mai haɗari ba, ga kuma harbi da ƙafafun baya.

Farautar mai haƙuri

Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Shaiɗanin Tasmaniya kuwa ba gwanin gudu ba ne. Ƙafafunsa na gaba sun ɗan fi na baya tsawo, tafiyarsa kamar ta mai ɗingishi. Abin da yake da shi shi ne juriya da hanci. Yakan fito da magariba ya yi ta sintiri shi kaɗai, yana bin gefen daji, bakin teku da hanyoyin mota, inda a dare ɗaya zai iya cin kilomita 8 zuwa 16 yana shinshina.

Idan zai kashe da kansa, kwanton ɓauna yake yi ko ya bi dabba na ɗan lokaci, ya riƙe ta da ƙafafun gaba, ya kafa mata haƙora a kai, wuya ko ƙirji. Ba ya saki da wuri. A cikin manyan dabbobi yana zaɓen waɗanda ƙarfinsu ya gaza: ɗan wambat da ya fara yawo nesa da uwarsa, tsohuwa, mai rauni ko marar lafiya. Haka yake yi wa walabi, wato ƙananan dangin kangaru da suka cika tsibirin.

Akwai cutar da ke ƙara masa irin waɗannan raunana. Ƙazwa, wadda ake ganin Turawa da dabbobinsu ne suka kai ta Ostareliya, tana kama wambat ta zubar mata da gashi, fata ta tsattsage, ido da kunne su toshe, har ta riƙa fitowa kiwo da rana tsaka. A gandun dajin Narawntapu da ke arewacin Tasmaniya, annobar ƙazwa da ta ɓarke a 2010 ta rage yawan wambat da kashi 94 cikin 100 cikin ƴan shekaru.

Duk da haka, mushe ne ya fi yawa a abincinsa. Binciken da Farfesa Menna Jones ta Jami'ar Tasmaniya ta yi a yankin tsaunin Cradle ya nuna cewa manyan dabbobi irin su wambat da walabi su ne ginshiƙin abincin manyan shaiɗanu. Irin wannan bincike ana yin sa ne ta hanyar duba gashi da gutsattsarin ƙashi a cikin kashin dabbar, wanda ke nuna abin da ta ci, amma ba ya bambanta wanda ta kashe da wanda ta tsinta.

Kuma suna da zaɓi. Masu bincike na Jami'ar New South Wales sun gwada gashin bakin shaiɗanu 71, suka wallafa sakamakon a 2022. Sun gano cewa kusan ɗaya cikin goma ne kawai ke cin duk abin da ya samu. Sauran kowanne na da irin naman da ya fi bi.

Muƙamuƙin da ya kere na kura

Sirrin wannan dabba yana kanta. Kan shaiɗani da wuyansa sun yi wa jikinsa girma, musamman tsohon namiji. Bakin na buɗewa har kusan digiri 80, fiƙoƙin masu kauri ne, turamen kuma an yi su don fasa ƙashi.

A 2005 masanin nan Stephen Wroe da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike da ya kwatanta ƙarfin cizon dabbobi masu cin nama, bayan an yi la'akari da nauyin jikin kowacce. A ma'auninsu, maki 100 shi ne abin da ake tsammani ga dabba daidai girmanta. Zaki ya samu 112, kura mai dabbare-dabbare 117, shaiɗanin Tasmaniya kuwa 181, wanda ya fi na duk wata dabba mai shayarwa da ke raye a cikin waɗanda suka gwada. Wannan ba ya nufin cizonsa ya fi na zaki zafi. Yana nufin idan aka auna kilo da kilo, babu kamarsa.

Shi ya sa ake yawan kwatanta shi da kura duk da cewa babu dangantaka tsakaninsu. Aiki iri ɗaya ne ya ba su kayan aiki iri ɗaya. Kamar kura, yana fasa ƙashi ya kai ga ɓargo, ya haɗiye gashi da fata, har kashinsa kan fito da launin toka saboda yawan ƙashin da ke ciki.

Idan ya samu gawar wambat, yakan fara ta ciki inda fata ta fi laushi, ya zaro hanji da sauran kayan ciki, sannan ya kutsa kansa ya riƙa ci daga ciki zuwa waje. An sha ganin shaiɗani ya ƙoshi ya kwanta a cikin kogon gawar, ya farka ya ci gaba. A rana ta yau da kullum yana cin kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsa, amma idan ya samu dama zai iya cusa kashi 40 cikin 100 a minti 30. Ga namiji mai kilo 8, wannan ya haura kilo 3 na nama a zama ɗaya. Daga nan sai ya ja ciki da ƙyar ya nemi wurin kwanciya.

Cin taro da hayaniya

Shi kaɗai yake yawo, amma babbar gawa takan tara su. Galibi biyu zuwa biyar ake gani, wani lokaci har 12. Ihun waɗanda suka riga zuwa ana jin sa daga nesa, kuma shi ke kiran wasu. Wannan na da amfani ga kowa, domin fatar wambat na da tauri, kuma gawa ta fi saurin yagewa idan wannan na ja ta nan, wancan na ja ta can. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Masu binciken da suka zauna suna kallon irin wannan taro sun ƙirga salon tsayuwa 20 da kalar murya 11 da dabbobin ke amfani da su wajen fahimtar juna. Akwai hamma mai nuna haƙora, akwai atishawa mai ƙarfi da ke nufin ƙalubale, kunnuwansu kuma kan yi ja idan ransu ya ɓaci. Mafi yawan rikicin barazana ce kawai, kuma sau da yawa wanda ya fi jin yunwa ne ke samun wuri, ko da bai fi girma ba. Sai dai wani lokaci akan kai ga cizo a fuska, kuma a lokacin barbara cizon ya fi tsanani. Da wuya a ga tsohon namiji da babu tabo a fuskarsa.

Dangin da ke raye da waɗanda suka shuɗe

Shaiɗani yana da ɗan uwa mai suna kwal mai dabbare-dabbaren wutsiya, wanda girmansa ya yi kusa da na kyanwa, namiji kan kai kilo 3 zuwa 4. Shi ya fi shaiɗani ƙwazo wajen farauta. Yana hawa bishiya, yana laɓaɓawa kamar kyanwa, ya dira kan dabba ya cije ta a ƙeya. Ta haka yake kashe zomaye, tsuntsaye da ƙananan walabi da suka kai shi nauyi ko suka fi shi. Babbar wambat kuwa sai dai ya same ta a mace, kuma idan shaiɗani ya iso dole ya ja gefe.

Wanda ya fi su girma a zamanin baya-bayan nan shi ne tilasin, da ake kira damisar Tasmaniya saboda zanen da ke bayansa. Makiyaya Turawa sun ɗora masa laifin kashe tumaki, gwamnatin tsibirin ta sa lada a kansa daga 1888 zuwa 1909, ta biya kuɗin kai fiye da 2,000. An ba shi kariyar doka a watan Yulin 1936, na ƙarshe da aka sani kuma ya mutu a gidan ajiye namun daji na birnin Hobart ranar 7 ga Satumba na wannan shekara. Daga baya, wani bincike na 2011 kan ƙoƙon kansa ya nuna cewa bai dace da kokawa da babbar dabba ba, ya fi dacewa da ƙananan da ba su wuce kilo 5 ba. Wani na 2020 kuma ya ƙiyasta nauyinsa a kusan kilo 17, ƙasa da yadda aka daɗe ana zato. Ke nan akwai alamar an hukunta shi fiye da laifinsa.

Idan aka koma can baya, gwarzon mafarautan Ostareliya shi ne wanda masana ke kira zakin jaka, mai nauyin kilo 100 zuwa 130, da ya ƙare fiye da shekara 40,000 da suka wuce. Yana da wasu dogayen haƙora a gefen baki masu yanka kamar almakashi, da babban farce a babban yatsa. A ma'aunin Wroe ya samu 194. Abin mamaki, binciken ƙasusuwansa ya nuna cewa ya fi kusa da wambat a dangantaka fiye da shaiɗani. Daga zuriyar masu cin ganye ya fito.

Cutar da ke bin cizo

A 1996 wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Holan ya ɗauki hotunan shaiɗanu a arewa maso gabashin Tasmaniya da manyan ƙurarraji a fuska. Shekara goma bayan haka, a 2006, masaniya Anne-Maree Pearse ta nuna cewa wata irin sankara ce da ba a saba gani ba: ƙwayoyin ciwon da kansu ne ke tashi daga wannan dabba su shiga wata ta hanyar cizo, su ci gaba da girma a jikinta. Garkuwar jikin dabbar ba ta gane su a matsayin baƙi.

Ƙurjin na cin baki da muƙamuƙi har dabbar ta kasa cin abinci, ta mutu cikin watanni. A wasu yankuna fiye da kashi 80 cikin 100 sun ƙare. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2021 ya ce yawansu ya sauko daga kusan 53,000 a 1996 zuwa kusan 17,000 a 2020. Tun a 2008 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. A 2014 kuma aka gano nau'i na biyu na sankarar a kudancin tsibirin.

Motoci ma na ƙara ta'azzara lamarin. An ƙiyasta cewa kusan dabbobi 300,000 ne motoci ke kashewa a hanyoyin Tasmaniya duk shekara. Gawar wambat ko walabi a kan titi na jawo shaiɗani, ga shi baƙi, ga duhu, ga shi ba ya son barin abinci. Shi ya sa hukumomi ke roƙon direbobi su rage gudu daga faɗuwar rana zuwa fitowarta.

Idan mai sharar daji ya ragu

Raguwar shaiɗanu ta ba masana damar ganin aikin da suke yi. Calum Cunningham da abokan aikinsa na Jami'ar Tasmaniya sun ajiye gawarwakin dabbobi a wurare daban-daban suka kafa kyamarori. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna cewa a inda cutar ta rage shaiɗanu, gawa na daɗewa kusan ninki 2.6 kafin ta ƙare, hankaki da kyanwoyin da suka koma daji kuma suna samun rabo mai yawa. A wani binciken na 2020 sun gano cewa kyanwoyin sun fi yawa da kusan kashi 58 cikin 100 a irin waɗannan wurare, kuma ƙananan dabbobin ƙasar da kyanwa ke kamawa sun ragu.

Ga makiyayan tumaki ma akwai asara. Mushen da ya daɗe a fili yana tara ƙudaje, ƙudajen kuma na yi wa tumaki masu rai ƙwai a jiki ya zama tsutsa. Dabbar da wani kamfanin kiwo ya sa lada a kan kashe ta tun 1830, wadda ba ta samu kariyar doka ba sai a 1941, ita ce ke kwashe wannan ƙazanta kyauta.

Mutanen yankin Sahel sun san irin wannan rashi ta wata fuskar. Ungulun da a da ke cika mahautai da bakin kasuwanni sun yi ƙaranci a garuruwa da dama, har a 2015 IUCN ta sa ungulun nan ta gari cikin rukunin da ke dab da ƙarewa. Aikin da take yi a nan shi shaiɗani ke yi a Tasmaniya, inda babu ungulu ko ɗaya.

Ceto da tsadarsa

A 2003 aka kafa shirin gwamnati na ceto shaiɗanin Tasmaniya, aka fara kiwon lafiyayyu a killace. Tsakanin 2012 da 2013 aka saki 28 a tsibirin Maria da ke gabashin Tasmaniya, inda babu cutar. Sun hayayyafa sosai. Amma a 2021 ƙungiyar BirdLife ta Tasmaniya ta bayyana cewa ƙananan tsuntsayen teku da ake kira fengwin, kusan ma'aurata 3,000 da ke sheƙa a tsibirin, sun ɓace baki ɗaya. Tsuntsayen da ba su taɓa sanin irin wannan mafarauci ba sun zama abinci mafi sauƙi.

A 2020 ƙungiyar Aussie Ark ta saki 26 a wani killataccen daji mai hekta 400 a Barrington Tops da ke jihar New South Wales, karon farko da suka taka dajin babban yankin Ostareliya cikin kusan shekara 3,000. A watan Mayun 2021 aka sanar da haihuwar ƴaƴa 7 a wurin.

A Tasmaniya kanta akwai alamun sauƙi. Wani bincike na 2016 ya gano sauye-sauye a ƙwayoyin gadon shaiɗanu masu alaƙa da garkuwar jiki, waɗanda suka bayyana cikin zuriya 4 zuwa 6 kawai. Wani da aka wallafa a mujallar Science a 2020 ya nuna cewa a da kowane mai cutar na harbin fiye da uku, yanzu kuma adadin ya sauko zuwa kusan ɗaya. An kuma ga wasu da ƙurjinsu ya motse da kansa. Masana na gargaɗin cewa yawansu bai dawo ba, kuma nau'i na biyu na cutar na ci gaba da yaɗuwa, amma hasashen farko na cewa za su ƙare a daji cikin ƴan shekaru bai tabbata ba. Har a yankin arewa maso gabas inda aka fara ganin cutar a 1996, shaiɗanu na nan suna fitowa da magariba.